Na'urar da ke cewa maigida ba ya nan

Duk wanda ya zo mini da tambayar wace wayar gida marar igiya mai ɗaukar saƙo ce ta fi dacewa da gidansa a Gwarzo ko Kabo, ba zan hana shi tabarma ba, amma kafin mu kai ga zancen Panasonic ko Gigaset sai ya haƙura ya saurari ƙarata. Abin da ake magana a kai waya ce mai mazauni da ake girkewa a ɗaki, da kai guda ko biyu ko uku da mutum zai ɗauka ya zagaya da shi cikin gida, sannan in an kira ba a ɗauka ba, wata murya da aka naɗa ta amsa ta ce masu gida ba sa nan, a bar saƙo bayan an ji ƙara. Masu ƙera ta sun iya talla. Za su ce maka kan wayar yana jin mazauninsa daga nisan mita 50 a cikin gini, mita 300 a fili, batirinsa na kwana ya yini, na'urar kuma tana haɗiye maganar mutane ta minti goma sha wani abu ba ta ƙoshi ba. Ban ƙaryata su ba. Abin da ba a rubuta a jikin kwali ba shi ne, wanda ya ƙera ta ya ɗauka akwai abubuwa uku a gidanka: igiyar tarho da ta shigo daga bakin titi, wutar lantarki da ba ta ƙiftawa, da gidan da ake garƙama wa kwaɗo da safe kowa ya kama gabansa. Biyun farko kuɗi na iya maganinsu. Na ukun ne ya sa nake cewa a yammacin Kano wannan na'ura ta zo neman aikin da tuni aka ba wasu, masu aikin kuma ba su da niyyar yin ritaya.

A fara da igiyar, tunda ita ta riga mu gidan gaskiya. An kafa NITEL a 1985, aka damƙa mata wayoyin ƙasar nan gaba ɗaya, amma har zuwa ƙarshen shekarun 1990 layukan da ke aiki a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, ga jama'a sama da miliyan 100, kuma mafi yawansu a Legas suke da sauran manyan birane. Lambar 064 ta Kano abin ado ce a jikin takardar kamfani da katin manyan 'yan kasuwa. Mutumin Kutama ko Garo da ke son jin ɗansa da ke Kudu, ko dai ya hau mota ya shiga birni ya bi layi, ko ya ba direba wasiƙa ya haɗa da addu'a. A 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowanne a kan dala miliyan 285, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta, Glo ta biyo baya a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa. Daga nan ƙauyukan da ba su taɓa ganin turken tarho ba suka tsallake zamanin igiya ɗungurungum, suka faɗa zamanin ƙarfen sabis. Ita kuwa NITEL sai ta shiga yawon hannu: Pentascope a 2003, Transcorp a 2006, gwamnati ta karɓe abinta a 2009, daga ƙarshe aka sayar wa NATCOM, ta sake fitowa a 2016 da sunan ntel, ita ma tana tallan layin salula. To wanda ya kwance kwalin sabuwar wayarsa a Kabo yau, zai tarar da siririyar igiya mai ɗan kai na roba, ya riƙe ta a hannu ya zagaye ɗaki da falo da bayan gida yana neman ramin da zai soka ta. Ramin da zai samu a bango, na gara ne.

Sai wuta. Tsohuwar wayar girke mai igiya, wadda ake juya lambobinta da yatsa, daga ofishin tarho take shan wutarta, kimanin bolt 48 ta cikin layin kansa, shi ya sa ko gari ya yi duhu tana ringi. Wannan sabuwar kuwa mazauninta sai an jona shi da soket dare da rana, in wuta ta ɗauke shi ma ya ɗauke, kan wayar da ke hannunka ya koma abin danne takarda. Tun 2013 KEDCO ce ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, ko da yake yara har gobe NEPA suke wa ihu, kuma ba sai na ɓata bakina wajen bayyana wa mutumin Gwarzo yadda ake ɗaukewa da kawowa ba. Wasu na'urorin in suka farfaɗo sai agogonsu ya koma farko, saƙon da aka bari bayan la'asar ta ce maka da tsakar dare ya shigo, ka tashi da fushin wanda bai yi laifi ba. Akwai kuma tarkon kayan gwanjo. Wadda aka yi don Amurka sau da yawa cajarta ta bolt 120 ce, tamu wutar kuwa 230 ce in ta ga damar cika. Mai saye a Farm Centre ko Beirut Road da bai juya bayan cajar ya karanta ba, saƙon farko da na'urar za ta isar masa hayaƙi ne, da wani ƙauri mai kama labule.

Na san abin da za a ce: ai yanzu akwai wayar tebur mai cin sim, irin wadda Starcomms da Multi-Links suka saba wa mutanen Kano da kamanninta a shekarun 2000, ga kuma sola da batir sun cika kasuwa. Gaskiya ne, na sallama. A ce an yi duk wannan, sabis ya cika, fitilar mazauni ta yi kore. Sai mu koma ga tambayar da ta fi nauyi, wato wace cuta aka yi wannan magani dominta. Wani injiniya ɗan Denmark, Valdemar Poulsen, shi ya ƙirƙiro hanyar naɗar murya a kan wayar ƙarfe a 1898, kuma tun farko ɗaukar maganar tarho yake hange. A 1960 aka fara sayar da Ansafone a Amurka, ƙirar Kazuo Hashimoto na Japan. Kasuwarta ta buɗe ne a ƙasashen da miji ke fita aiki, mata ta fita, yara na makaranta, kaka tana can wani gari, maƙwabci kuma bai san sunanka ba. Gida ya zama kango daga safe zuwa yamma, waya na ta kuka babu mai lallashi. Yanzu a nuna mini wannan gida a Lakwaya ko Durun. Ko da damina, lokacin da maza suka duƙufa a gonar masara da dawa, cikin gida cike yake: uwargida na tuyar ƙuli-ƙuli, amarya na tankaɗe, gwaggo ta zo kwana biyu tun kafin azumi, jikoki na rarrafe, almajirin gida na jiran ɗumame, wata maƙwabciya ta shigo aron turmi ta zauna. A irin wannan gida matsalar waya ita ce rububin ɗauka. Kafin na'urar ta ƙirga ringi huɗu ta buɗe baki, hannu shida sun kai kanta, biyu daga ciki da manja.

Sannan mu muna da namu tsarin ɗaukar saƙo, wanda ya girmi Poulsen da kakansa. Baƙo ya tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama, yaro ya fito, a ce masa je ka ce ana sallama da maigida. Yaron nan, ko ɗan shekara bakwai ne, yana yin abin da babu injin da ya iya. Yana duban fuskar baƙo da takalminsa da abin da ya rataya, ya koma ya ba da rahoto cikakke: mutumin nan ne mai babur da ya zo ranar kasuwa, yau ma da littafinsa. Daga wannan bayani maigida zai yanke shawarar ko yana nan ko ya yi tafiya. An sha yi wa yara dariya kan cewa sukan koma su ce Baba ya ce ba ya nan, kuma na yarda wannan naƙasa ce a tsarin. Amma naƙasa ce mai warkewa, domin yaro na girma, in ya yi sau ɗaya aka ja masa kunne shekara mai zuwa ya zama gwani. Na'ura kuwa abu guda ta haddace, shi za ta faɗa wa mai bin bashi, shi za ta faɗa wa wanda ya zo biyan bashi, shi za ta faɗa wa surukinka da ya kira daga Malumfashi. Ba ta san wanda ake ɓoye wa ba, ba ta san wanda ake tashi tsaye a amsa kiransa da rusunawa ko da ba ya gani ba. Ita da kowa ɗaya ne, kuma a ƙasar da kawu ke ƙirga sau nawa aka bar shi yana jira, wannan adalci fitina ne.

Tun wajen naɗar muryar ma rigima za ta fara. Wa zai yi? In maigida ne, dattijo mai jikoki zai tsaya gaban akwati yana shaida wa duniya da bakinsa cewa ba ya nan, alhali ana jin tarinsa da kukan akuyarsa. In aka ce uwargida ta yi, ta yaya za ta ce nan gidan wane ne, ita da ba ta taɓa kama sunan mijinta ba tun ranar da aka kawo ta? Sai dai ta ce nan gidan malam ne, ko gidan Alhaji, wanda a Gwarzo bai rage wa mai kira komai daga ruɗaninsa ba. In aka ce ɗan fari ya yi, uwarsa ba za ta iya gaya wa mutane muryar wa suka ji ba. In aka ba amarya, to a shirya zaman sulhu. In aka bar muryar da ta zo da ita daga kamfani, Baturiya ce za ta riƙa amsa waya a gidan liman, kuma kafin Juma'a labari ya kai Getso cewa malam ya ƙara aure bai gayyaci kowa ba. Ga kuma batun sallama. Mai kira zai yi ta cikakkiya, ya saurara a amsa masa kamar yadda addini ya koyar, abin da zai ji shi ne ƙiiit. Ba ni da hurumin fatawa, amma na san zuciyar Bahaushe: wanda ya yi sallama aka amsa masa da ƙarar ƙarfe, ya riga ya rubuta gidan a cikin masu girman kai.

Mu duba ta ɓangaren mai kiran, domin nan ne abin ya fi ban tausayi. Galibin waɗannan na'urori minti ɗaya zuwa uku suke ba kowane saƙo, wasu kuma in suka ji shiru na 'yan daƙiƙoƙi sai su katse. Gaisuwarmu kuwa ta mutum biyu ce, ana miƙawa ana karɓa. Inna za ta ce ina kwana, ta tsaya. Babu lafiya lau. Ta ce ina gajiya, ta tsaya. Ta ce ya yara, ya mai jiki, ya ruwa, ya muka ji da haƙuri, kowacce da tsayawarta, sai ta fara zargin ko an yi fushi da ita ne, ta shiga ba da haƙuri kan maganar da aka yi a wajen suna bara. Lokacin da za ta iso ga dalilin kiran, wanda a al'adarmu sai an yi sallama ta biyu ake cewa af, na manta, tuni na'urar ta rufe kunnenta. Da daddare maigida zai danna maɓalli ya saurari gaisuwa zalla ta mutum tara, babu wanda ya faɗi sunansa, domin kowa ya ɗauka ai an san muryarsa, faɗin suna ma raini ne. Sai kuma 'yan filashin, waɗanda su ne rabin masu kiran kowane mai ɗan hali. Dabarar filashin ta ginu ne a kan kada a ɗauka: ka buga, ka katse, babba ya kira ƙarami da katinsa. Na'urar da aikinta kenan ɗauka ta rusa wannan yarjejeniya. Ɗalibin da ke da ragowar naira ashirin ya ɗan yi jinkirin katsewa, Baturiya ta ɗauka, kati ya tafi. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin zalunci ba ne.

Mafi haɗari dai shi ne sauraren. Na'urar a lasifika take karanta saƙo, wasu ma tun ana cikin barinsa kowa na ji. Abin da a da ake jan mutum gefe bayan sallar magariba a raɗa masa, yanzu zai tashi a tsakar gida gaban mata biyu da 'ya'ya goma sha. Tela ya kira ya ce ɗinkin leshin ya kammala, alhali leshi ɗaya aka kai. Dillali ya ce an sami mai sayen gonar, gonar da ba a gaya wa 'yan'uwa za a sayar ba. Wani ya ce Alhaji, maganar yarinyar nan ta Kanwa iyayenta sun amince. Ɗan aike in ya ga ido da yawa yakan haɗiye saƙo ya ce ya zo gaisuwa ne. Na'ura ba ta da wannan kunya, kuma ta fi ɗan aike sharri da abu guda: ana iya maimaita ta. Uwargida za ta danna sau uku, ta kira ƙanwarta ta danna mata na huɗu. Gida ɗaya da nake ganin zai iya cin moriyarta shi ne na ɗan siyasa, kuma ƙasar Gwarzo da ta ba Kano mataimakan gwamna biyu, Abdullahi Tijjani Gwarzo a 2007 da Aminu Abdussalam Gwarzo a 2023, ba ta rasa gidajen da waya ba ta hutawa. Sai dai ko can, ma'ajiyar minti goma sha biyar masu taya murna ne za su cinye ta kafin a kai ga masu neman taki.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo mini ita ce ta WhatsApp. Za a ce kai da kake cewa Bahaushe ba ya magana da inji, ba ka ga yadda saƙon murya ya mamaye wayoyin mutane ba tun da aka fito da shi a 2013, har tsofaffin da ba su karanta boko ba sun fi kowa iya danne maɓallin? Kuma kafin wannan, ba kaset mutanenmu na Makka da Jidda suke naɗowa su ba alhazai su kawo gida ba? Haka ne, kuma wannan hujja ta nuna cewa naɗar murya ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Amma a lura da bambancin. Mai naɗar kaset shi ya zaɓi lokacinsa, ya yi shiri, ya jero gaisuwar kowa da sunansa har minti talatin babu mai katse shi. Mai tura saƙon murya ya san aljihun da zai faɗa, ya ga alamar an saurara, in ya yi tuntuɓen harshe ya goge. Dukansu sun tashi ne da niyyar barin saƙo. Wanda na'urar gida ta tare kuwa ya tashi ne da niyyar ganawa da mutum, aka tsayar da shi a ƙofa aka ce ya yi wa bango bayani. Mutanen da suka ce zumunta a ƙafa take sun yi rangwame mai yawa da suka yarda ta koma a kati. A ce kuma su sayi katin, a ƙi amsa musu, a naɗe su, wannan ya wuce rangwame.

Akwai wata hujjar da nake girmamawa. A 2021 an rufe sabis a Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda matsalar tsaro, mutanen da ke maƙwabtaka da yammacin Kano suka ɗanɗana zaman babu waya, kuma mai hankali zai iya cewa da akwai layin ƙasa da an sami mafita. Wataƙila. Amma wayar tebur mai sim daga ƙarfen sabis ɗin nan take sha, in an rufe shi ita ma ta yi shiru, layin ƙasar kuwa babu mai shirin shimfiɗa shi zuwa Godiya ko Madadi. Waɗanda suka ƙirƙiro shi ma suna naɗe tabarmarsu: a Amurka sama da kashi 70 cikin ɗari na manya suna zaune ne a gidajen da salula kaɗai ake amfani da ita, Ingila kuma ta sa Janairun 2027 a matsayin lokacin kashe tsohon layinta na tagulla. Inda na yarda wayar gida tana da amfani shi ne ɗakin tsohuwa. Hajiya da jikoki ke ɗauke wa salula su cinye cajin da wasa, ko take mantawa da ita a cikin kwallar goro, ta cancanci waya mai manyan lambobi da ƙara mai tashin barci, wadda ke zaune wuri ɗaya kowa ya san ta gida ce. Haka mai kemis, haka ofishin makaranta.

Saboda haka wanda ya nace sai ya saya, ga abin da zan ce ya duba. Ta kasance mai cin sim, kuma ba a ɗaure ta da kamfani ɗaya ba, domin layin da ke cika a cikin garin Gwarzo ba lallai ya kai Mainika da ƙarfinsa ba. Mazauninta ya kasance da batirin kansa. Cajar ta ce 220 zuwa 240, ko 100 zuwa 240. Batirin kan wayar ya zama irin ƙananan nan da ake samu a kowane shago, kada ya zama na musamman da sai an aika Legas. A gwada ta daga zaure zuwa ɗakin ƙarshe kafin a biya, domin mita 50 ɗin kwali ba a auna ta da katangar ƙasa mai kauri ba. In kawuna biyu ne a gidan mata uku, a bar ta a shago. Ita kuwa na'urar ɗaukar saƙon, akwai maɓallin kashe ta, yawanci a shafi na ashirin da wani abu na littafin da ke cikin kwalin, da Turanci da Faransanci da Jamusanci. A ba jikan da ke sakandare ya nemo shi tun ranar farko, a tsaya a kansa har ya danna, domin in aka bar shi shi kaɗai muryarsa zai naɗa, da kiɗa a bayanta.